Anna O: budurwar da ta koya wa likitoci sauraro

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1880 aka aika a kira Dakta Josef Breuer zuwa gidan wani attajirin ɗan kasuwar hatsi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. 'Yar gidan ce ke fama da tari. Breuer likita ne mai suna a garin, shekarunsa 38, manyan gidaje ne ke nemansa, tari kuwa ba abin da zai ɗaga masa hankali ba ne. Ya shiga da niyyar ya duba ƙirji ya rubuta magani ya kama gabansa. Ashe shekara ɗaya da rabi zai yi yana zarya a kan wannan yarinya, kusan kullum, daga baya ma har safe da yamma. Daga wannan zarya aka samo asalin maganin da ake yi wa ciwon zuciya da tunani ta hanyar zama a yi magana.

Sunan yarinyar Bertha Pappenheim. An haife ta ranar 27 ga Fabrairu, 1859, a gidan Yahudawa masu riƙo da addini. Ban da Jamusanci, harshen gidansu, tana jin Ingilishi da Faransanci da Italiyanci. Breuer da kansa ya shaide ta da kaifin ƙwaƙwalwa, da taurin kai, da tausayin talaka. Amma tana shekara 16 karatunta ya tsaya, ƙanenta Wilhelm kuwa, wanda ta girma da shekara ɗaya kacal, ya ci gaba da nasa. Ita aka bar ta da ɗinki da ziyarar dangi da jiran miji. Mai kai irin nata ba ya zama haka nan. Sai ta koyi tafiya duniyar tunani: tana cikin mutane, tana amsa magana, amma a zuci tana can tana tsara wa kanta labarai, ba wanda ya lura.

A watan Yuli na 1880, iyalin suna hutu a garin Ischl, mahaifinta ya kwanta da ciwon huhu mai tsanani. Bertha tana matuƙar son mahaifinta. Ita ta ɗauki jinyar dare, uwar ta ɗauki ta rana. Wata da watanni ba barcin kirki, ba abincin kirki, har ta rame ta fita hayyacinta, aka hana ta shiga ɗakin majinyacin. Ranar 11 ga Disamba ita ma ta kwanta, ba ta tashi ba sai 1 ga Afrilu na shekarar da ta biyo.

Abin da Breuer ya gani a watannin nan ya wuce tari nesa ba kusa ba. Idonta ya karkace, ganinta ya rikice, har takan ga bangon ɗaki kamar zai faɗo mata. Hannunta na dama ya sandare, ƙafafu suka bi. Wuyanta ya ƙi juyawa. Sannan harshe ya fara suɓuce mata: kalmomi suna ɓace mata, jimla tana wargajewa, har ta yi mako biyu cur ba ta ce uffan ba. Da bakin ya buɗe, sai ga Ingilishi zalla, ita kuma ba ta ma san da shi take magana ba, har tana jin haushin mai jinyarta da ba ta gane abin da take faɗa. In aka miƙa mata littafin Faransanci ko na Italiyanci a ce ta karanta a fili, sai ta karanto shi da Ingilishi tiryan-tiryan, ba gargada. Ban da wannan, ta zama kamar mutum biyu a jiki ɗaya. Ɗaya mai hankali ce, mai baƙin ciki, ta san kowa. Ɗayar kuwa tana zagi, tana jifa da matashin kai, tana tsinke maɓallan rigarta, tana ganin baƙaƙen macizai a gashin kanta. Likitocin zamanin suna kiran irin wannan ciwo histiriya, wato jiki ya gaza alhali an duba ba a ga abin da ya lalace ba.

Ranar 5 ga Afrilu, 1881, mahaifin ya rasu. Tun da ta kwanta ba kasafai take ganinsa ba. Labarin ya buge ta, ta yi kwana biyu kamar ba ta duniya. Da ta farfaɗo sai ta daina gane mutane. Ta ce duk sun zame mata kamar gumakan kakin zuma. Mutum ɗaya kawai take ganewa, Breuer. Abinci ma ba ta karɓa sai daga hannunsa. An gayyato babban likitan ƙwaƙwalwa Richard von Krafft-Ebing ya duba ta, ta yi kamar babu kowa a wurin, sai da ya busa mata hayaƙi a fuska sannan ta gan shi, ta ruga bakin ƙofa ta faɗi sumammiya. A watan Yuni, da aka ga tana neman halaka kanta, aka ɗauke ta daga gidansu na bene aka mayar da ita wani gida a Inzersdorf, bayan gari.

A cikin wannan ruɗani ne Breuer ya lura da wani abu. Kullum da la'asar sai wani gyangyaɗi ya kama ta, tana ta gunagunin kalma ɗaya ko biyu. In rana ta faɗi sai ta nutse cikin wani yanayi tsakanin barci da farke. Idan a wannan lokaci aka maimaita mata kalmar da take gunaguni, sai ta kama ba da labari. Da fari da ƙyar, kalma na gudun kalma, can sai labarin ya miƙe. Labarai ne masu ban tausayi, yawancinsu a kan wata yarinya da ke zaune cikin fargaba a gefen gadon mara lafiya. Tana kai ƙarshe sai ta farka da natsuwa, ta yi raha, ta zauna tana zane ko rubutu har tsakar dare. In kuwa Breuer ya yi kwanaki bai zo ba, labaran sai su taru, ta rikice, sai ya zo ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta raɗa wa abin suna maganin magana, in tana wasa kuma ta kira shi sharar bututun hayaƙi.

Har zuwa nan sauƙi ne na dare ɗaya. Abin da ya buɗe wa Breuer ido ya faru ne a tsakiyar zafin bazara. Haka kawai Bertha ta kasa shan ruwa. Ƙishirwa na cinta, za ta ɗauki kofi da marmari, amma da ya taɓa leɓenta sai ta ture shi kamar an miƙa mata guba. Kusan mako shida tana rayuwa da kankana da sauran 'ya'yan itace. Wata yamma, tana cikin wancan yanayi nata, sai ta fara mitar wata Baturiyar Ingila da aka ɗauka ta riƙa ɗebe mata kewa, wadda jininsu bai haɗu ba. Da ƙyama a fuskarta ta ba da labarin yadda ta taɓa shiga ɗakin matar ta tarar da ɗan karenta yana lasar ruwa a kofin gilashi. A lokacin ba ta ce komai ba, don kada ta yi rashin ladabi. Yanzu kuwa ta fitar da fushin nan kaf, ta yi faɗa son ranta. Tana gamawa ta ce a ba ta ruwa. Ta sha da yawa, ta farka da kofin a bakinta. Daga ranar matsalar shan ruwa ba ta sake dawowa ba.

Breuer ya yi mamaki ƙwarai. Bertha da rana tsaka ba ta tuna karen nan sam. Ga shi kuwa abin da ba ta tuna ɗin ya hana ta ruwa har mako shida. Sai ya ce bari ya gwada sauran alamomin ciwon. Ya riƙa zuwa da safe yana sa ta wancan barci da lafazi, ya ɗauki alama guda, su bi ta da baya da baya, daga karo na ƙarshe da ta bayyana zuwa na farko, kamar mai warware zaren da ya sarƙe. Aiki ne mai cin rai. A kan rashin jin shigowar mutum ɗaki kaɗai ta lissafo karo 108, kowane da mutumin da ya shigo da halin da ake ciki, na farkonsu kuwa mahaifinta ne. In suka isa kan na farko ta faɗe shi da duk zafin da ke cikinsa, sai alamar ta gushe.

Duk inda suka bi, hanya sai ta ɓulle ɗakin jinyar mahaifin. Rikicewar gani ta samo asali ne daga wani dare da idonta ya cika da hawaye, mahaifin ya tambaye ta ƙarfe nawa, ta yi ta kokawa ta ga agogo ba tare da hawayen sun zubo ya gani ba. Tarin da aka kira likita dominsa ya fara ne wani dare da take gadinsa, ta jiyo kiɗan rawa daga gidan maƙwabta, zuciyarta ta ce da ma tana can, nan take kuma ta tsani kanta da wannan tunani. Tun daga ranar duk kiɗa mai tashi sai ya tayar mata da tari. Budurwa ce mai shekara 21, tana son uba, tana kuma son rayuwa, gida da tarbiyya sun yarda ta faɗi na farkon, na biyun kuwa ko ita ba ta yarda ta ji shi ba.

Na ƙarshe shi ne hannun dama da harshe. A watan Yuni na 1882 aka gyara ɗaki ya yi kama da wanda mahaifinta ya yi jinya a Ischl, ta zauna ta sake bin wani dare na watan Yulin 1880. Mahaifin na cikin zazzaɓi, ana jiran likitan tiyata daga Biyana, uwar ba ta nan. Bertha na zaune, hannunta na dama rataye a bayan kujera. Gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai ta ga baƙin maciji ya fito daga bango ya nufi majinyacin. Ta yunƙura ta kore shi, hannun ya ƙi motsi don ya yi tsami, da ta dube shi sai ta ga yatsunta sun zama ƙananan macizai. Ta so yin addu'a, duk harsunan da ta sani suka gudu, sai wata waƙar yara ta Ingilishi ta faɗo mata, daga nan ta samu ta yi addu'ar da Ingilishi. Kukan jirgin ƙasan da ya kawo likitan ne ya dawo da ita hayyacinta. Da ta gama ba da wannan labari, Jamusancinta ya dawo. Breuer ya rufe aikinsa a nan.

A watan Nuwamba na wannan shekara ya ba wani matashin abokinsa labarin, wani sabon likita ɗan shekara 26 mai suna Sigmund Freud. Labarin ya zauna wa Freud a rai. Ya je Paris a 1885 ya yi karatu wurin babban likita Jean-Martin Charcot, ya dawo ya buɗe wurin ganin marasa lafiya, ya fara gwada hanyar Breuer a kan nasa majinyatan. A 1895 shi da Breuer suka fitar da littafi kan histiriya. Labarin Bertha ne na farko a ciki, an sakaya sunanta da Anna O.

Bayanin da suka kawo mai sauƙin faɗa ne, ko da yake a lokacin ya girgiza mutane. Mutum yakan gamu da abin da ya tayar masa da fushi ko tsoro ko ƙyama ko sha'awa, a halin da kunya ko ladabi ko addini ba za su bar shi ya nuna ba. Sai ya haɗiye. Hankalinsa na sarari ya manta, amma akwai wani sashe na zuciya da mutum ba ya leƙawa, a can abin yake zama da ƙarfinsa, yana neman hanyar fita. In baki ya ƙi faɗa, sai jiki ya faɗa, ko mafarki, ko suɓutar baki, ko wata ɗabi'a da mutum ke maimaitawa yana mamakin kansa. Daga baya Freud ya ƙara da cewa mantuwar da gangan zuciya ke yin ta, tana danne abin don ta kare kanta, shi ya sa in likita ya kusanci wurin sai majinyaci ya fara turjiya: ya yi shiru, ya canza zance, ya makara, ya ce ba ya tuna komai. Freud ya bar sa mutane barci. Ya koma kwantar da majinyaci a doguwar kujera, shi ya zauna a bayansa, da sharaɗi guda: ya faɗi duk abin da ya zo masa, kome ƙanƙantarsa, kome muninsa. A 1896 ya sa wa hanyar suna saikoanalisis. A laccocin da ya gabatar a Jami'ar Clark ta Amurka a 1909, ya fito fili ya ce yabon ƙirƙiro ta na Breuer ne, ya kuma fara da labarin wannan budurwa.

Littafin 1895 ya nuna cewa Anna O ta rabu da ciwonta, bayan ɗan lokaci kuma ta samu cikakkiyar lafiya. Haka duniya ta riƙe har shekaru da dama. A 1953 Ernest Jones, marubucin tarihin Freud, ya bayyana ainihin sunanta, abin da ya ɓata wa danginta rai. Sai wani likita masanin tarihi a Montreal, Henri Ellenberger, ya bi sawu. Ya samu wani hoton Bertha na 1882, ya kai ɗakin binciken 'yan sandan birnin, aka haska shi da wata fitila ta musamman, sai ga sunan garin da aka ɗauke shi ya fito: Konstanz. Kusa da garin, a Kreuzlingen ta ƙasar Suwizalan, a lokacin akwai asibitin masu taɓin hankali mai suna Bellevue. A can ya tarar da fayil ɗinta, ya wallafa abin da ya gani a 1972.

Fayil ɗin ya nuna an kwantar da ita a Bellevue ranar 12 ga Yuli, 1882, wato kimanin wata ɗaya bayan Breuer ya sallame ta, ta zauna har ƙarshen Oktoba. Tana fama da azababben ciwon jijiyar fuska, jikinta ya saba da mofin, maganin kashe zafin da aka riƙa ba ta, da dare kuma Jamusancin yakan sake ɓace mata. Tsakanin 1883 da 1887 an sake kwantar da ita a Inzersdorf fiye da sau ɗaya. Breuer da Freud sun san da wannan, don Martha Bernays, wadda Freud ya aura, ta san Bertha, kuma a wasiƙar da Freud ya rubuta wa Martha a 1883 ya ambaci halin da Bertha ke ciki. Akwai kuma labarin da Jones ya yaɗa, wai a ranar ƙarshe Bertha ta kama naƙudar ƙarya tana kiran sunan Breuer, shi kuma ya tsere da matarsa zuwa Venice, inda aka samu cikin 'yarsu ta ƙarshe. Takardu sun ƙaryata wutsiyar labarin: an haifi yarinyar, Dora, a watan Maris na 1882, tun kafin a gama jinyar. Likitocin da suka zo daga baya ma sun yi ta muhawara kan ainihin ciwon Bertha. Wasu sun ce wani nau'in farfaɗiya ne, wasu sun ce tarin fuka ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, wasu suka ɗora wa magungunan da aka yi ta ɗura mata.

To ina amfanin labarin, tunda ba ta warke a hannun Breuer ba? Amfaninsa yana cikin abin da Breuer ya gani bai gane ba. Yarinyar da ta rasa uba, ba ta gane kowa sai likita, ba ta cin abinci sai daga hannunsa, kafin ta yi magana sai ta shafa hannuwansa ta tabbatar shi ne. Freud ne daga baya ya fahimci cewa majinyaci yakan kwaso so da tsoro da fushin da yake yi wa iyayensa ya ɗora wa likita ba tare da ya sani ba, kuma wannan ɗorawar ita ce babbar taga da ake hango ɓoyayyen sashen zuciya ta cikinta. A 1914 ya ƙara da cewa amayar da abu sau ɗaya ba ya isa. Abin da mutum ya kasa tunawa yakan maimaita shi a aikace, sai an bi shi sau da yawa, ta fuskoki daban-daban, kafin ya saki.

A kan waɗannan ginshiƙai aka gina maganin da a yau ake kira saikodainamik. Yawanci ba doguwar kujera, ba sa barci. An ma gano cewa abin da mutum ya tuno a cikin irin wancan barci ba abin dogaro ba ne. Ana zama ne fuska da fuska, sau ɗaya ko biyu a mako, kimanin minti 50, na wasu watanni ko fiye. Mai maganin yana sauraron abin da ake faɗa, yana kuma lura da abin da ake kewayewa. A ce mutum ya bar aiki uku, kowane da rigima da shugabansa, ga shi a zama na goma ya fara zargin mai maganin da raina shi. Mai maganin ba zai kare kansa ba. Zai nuna masa cewa abin da ya faru a wuraren aikin nan ga shi yana faruwa yanzu a ɗakin, su duba tare daga ina ya taso. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bincike na shekarun baya-bayan nan ya nuna hanyar tana taimakon masu ciwon damuwa da fargaba, ko da yake ba ita kaɗai ba ce, kuma ba kowane ciwo take yi wa magani ba.

Ita kuwa Bertha, a 1888 ta koma Frankfurt da mahaifiyarta, kuma daga nan rayuwarta ta ɗauki wata hanya. Ta fara rubuta labaran yara. A 1895, shekarar da littafin Anna O ya fito, ta karɓi shugabancin gidan marayu mata na Yahudawa, ta riƙe shi shekara 12. A 1899 ta fassara littafin Mary Wollstonecraft kan 'yancin mata zuwa Jamusanci. A 1904 ta kafa Ƙungiyar Matan Yahudawa ta Jamus, ta shugabance ta shekara 20. A 1907 ta buɗe gida a Neu-Isenburg don 'yan matan da suka haihu ba aure da waɗanda ke cikin haɗarin faɗawa karuwanci. Ta yi tafiye-tafiye zuwa Galisiya da ƙasashen Balkan da Gabas ta Tsakiya tana binciken fataucin mata, tana faɗa wa shugabannin al'ummarta gaskiyar da ba sa son ji. Ba ta yi aure ba. Ba ta taɓa yin magana a fili kan shekarun ciwonta ba, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun ce ba ta yarda a yi wa 'yan matan gidanta saikoanalisis.

A watan Afrilu na 1936, tana fama da ciwon daji, 'yan sandan asirin Nazi suka kira ta tambayoyi saboda wata magana da aka ce wata yarinyar gidanta ta yi kan Hitler. Ta rasu ranar 28 ga Mayu na shekarar, tana da shekara 77. A Nuwamban 1938 aka cinna wa gidan Neu-Isenburg wuta, a 1942 aka rufe shi, aka kwashe mazaunansa zuwa sansanonin mutuwa. A 1954 Jamus ta Yamma ta buga hotonta a kan tambarin wasiƙa, cikin jerin masu taimakon al'umma.

Irin ciwon Bertha bai ƙare da zamaninta ba. Har gobe akan kai budurwa asibiti ƙafa ta ƙi tafiya ko baki ya ƙi magana, a yi hoto a yi gwaji a ce ba a ga komai ba, a gida kuma wasu su ce iska ce, wasu su ce iya shege ne. Ciwon na gaske ne. A fara da likita ya duba jiki da kyau, don labarin Bertha kansa ya nuna haɗarin gaggawar yanke hukunci. In an gama wannan, a samu wanda ya san aikin ya zauna da ita, ya tambaye ta abin da ta haɗiye, ya kuma ba ta lokacin da za ta amsa.